Akori-kura, Shan Mai da Sabon Direba: Yadda Ake Zaɓa wa Matashi Motar Farko

Idan yaro ko yarinya suka kai munzalin karɓar lasisin tuƙi, abin da ke fara zuwa wa iyaye a rai shi ne a samo mota babba mai ƙarfin jiki, wadda ko tsautsayi ya gitta ƙarfenta zai kare wanda ke ciki. Daga nan hankali yake karkata ga akori-kura, musamman idan da ma akwai wata tsohuwa a gida da ba a cika amfani da ita ba. Tunani na biyu kuwa a gidan mai yake zuwa, lokacin da aka ga yadda tanki ke haɗiye lita bayan lita, sai a koma neman mota mafi ƙanƙanta da za a iya samu. Dukkan zaɓin biyu suna da illa ga sabon direba. Wanda ya bi girma kaɗai zai ɗora yaro a kan motar da ta fi ƙarfin hannunsa, wanda ya bi tsimin mai kaɗai kuma zai sa shi a cikin motar da ba ta da nauyin da za ta jure karo. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara tace motoci da ma'aunin tsaro, sannan a yi lissafin mai a tsakanin waɗanda suka tsallake, kuma kada a shigo da akori-kura cikin zaɓin sai idan akwai aikin da ya wajabta ta.

Mataki na farko: a rubuta aikin da motar za ta yi

Kafin a kalli kowace mota, a zauna da matashin a rubuta tafiye-tafiyen da zai yi a mako guda: zuwa makaranta, wurin aiki, aike, ziyara. A ƙiyasta kilomita nawa ke nan a shekara, a kuma raba su gida biyu, na cikin gari da na babbar hanya, domin wannan rabon ne zai nuna wane adadi za a fi dubawa a takardar shan mai. Sannan a amsa tambaya ɗaya da gaskiya: sau nawa a shekara za a ɗauki kayan da ba za su shiga cikin mota mai rufi ba, ko a ja tirela? Idan amsar ita ce sau uku ko huɗu, hayar mota a waɗannan ranaku ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ciyar da akori-kura mai har tsawon shekara. Idan kuwa matashin yana taya aikin gona, gini, ko wata sana'a da ke buƙatar bodi a buɗe kusan kullum, to akori-kura ta sami hujja, sai a ci gaba da nazarinta tare da sauran.

Mataki na biyu: a san inda man akori-kura ke tafiya

Abubuwa uku ne manya. Na farko nauyi. Yawancin akori-kura ana ƙera su ne da shasi na ƙarfe daban, a ɗora jiki a kansa, domin su iya ɗaukar kaya da jan tirela, kuma wannan ginin ya sa babbar akori-kura takan haura tan biyu tun ba a ɗora mata komai ba. Duk lokacin da aka tashi daga tsaye, inji ne zai motsa wannan nauyin, kuma duk lokacin da aka taka birki, man da aka ƙona wajen motsa shi ya tafi a banza. Shi ya sa a cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, nauyi ne ke cin aljihu.

Na biyu iska. Akori-kura doguwa ce, gabanta faffaɗa kuma a tsaye, saboda haka iskar da take turewa ta fi ta ƙaramar mota yawa. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar ta ninka sau huɗu. Wanda ya tashi daga kilomita 90 a awa zuwa 120 ya ƙara wa motarsa turjiya kusan kashi 80 cikin ɗari, alhali mintocin da ya rage a tafiyarsa ba su taka kara sun karya ba. Hukumomin makamashi na Amurka sun daɗe suna nuna cewa shan mai yana fara lalacewa da sauri daga wajen kilomita 80 a awa zuwa sama.

Na uku kuma shi ne inji da abin da ke kai ƙarfinsa ga taya. Inji mai silinda shida ko takwas an yi shi ne don ya ja nauyi, kuma ko babu nauyin yana da ƙaramin adadin da ba zai sha ƙasa da shi ba. Motar da ke ja da taya huɗu tana ɗauke da ƙarin ƙarafa masu juyawa, don haka takan sha fiye da 'yar'uwarta mai ja da taya biyu. Tayoyin daji masu manyan haƙora ma suna ƙara nasu, haka nan ɗaga mota sama da ƙarin ƙarafa, wanda ke buɗe ƙarƙashinta ga iska.

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa sauke murfin baya na bodi yana rage shan mai. Gwaje-gwaje sun nuna akasin haka, domin idan murfin yana rufe, iska takan yi wani kewaye a cikin bodi wanda sauran iskar ke bi ta samansa ta wuce, sauke murfin kuwa yana rusa wannan kewayen. A bar shi a rufe.

Mataki na uku: a karanta alƙaluma, a mayar da su lita

A Amurka, hukumar kare muhalli ta EPA ce ke fitar da adadin shan mai na kowace sabuwar mota, a mil nawa galan ɗaya ke kaiwa. Adadi uku ne: na gari, na babbar hanya, da na haɗaka, wanda ake lissafawa da kashi 55 na gari da kashi 45 na babbar hanya. A Turai kuwa ana amfani da gwajin WLTP tun daga 2017, kuma ana rubuta lita nawa ake sha a kilomita 100. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, saboda haka idan aka raba 235 da adadin mil a galan, za a sami lita a kilomita 100. Kada a kwatanta adadin wannan gwaji da na wancan kai tsaye, domin hanyoyin awon sun bambanta. Wani abin lura shi ne manyan akori-kura na aiki mai nauyi, waɗanda nauyinsu da kaya ya wuce fam 8,500, wato kimanin kilo 3,850, ba a wajabta musu wannan takardar a Amurka ba. Wannan rukunin da ma bai kamata ya shiga maganar sabon direba ba.

Ga misalai don a ga tazarar. Babbar akori-kura irin Ford F-150 mai fetur, ta shekarun baya-bayan nan, tana kewayen mil 20 a galan a haɗaka, wato kilomita 8.5 a lita. Samfurinta na 2021 mai haɗa fetur da lantarki ya kai mil 25 idan mai ja da taya biyu ne. Matsakaita irin Toyota Tacoma mai silinda shida da Honda Ridgeline ba su yi wa babbar mai fetur nisa ba, suna wajen mil 20 zuwa 21, abin da ke ba mutane mamaki, domin ana zaton raguwar girma za ta kawo raguwar shan mai sosai. Inda aka sami bambanci na gaske shi ne ƙaramar Ford Maverick ta 2022 mai haɗa fetur da lantarki, wadda ta sami mil 42 a gari, 33 a babbar hanya, 37 a haɗaka, wato kusan kilomita 15.7 a lita. Mota mai rufi matsakaiciya kamar Toyota Camry ta 2018 mai silinda huɗu tana wajen mil 32.

Yanzu a ɗauka matashin zai yi kilomita 12,000 a shekara. Da babbar akori-kura zai ƙona kimanin lita 1,410. Da Camry kimanin lita 880. Da Maverick kimanin lita 760. A ninka kowanne da farashin lita a inda ake zaune, a sake ninkawa da shekarun da ake sa ran riƙe motar, sannan a haɗa da kuɗin sayenta, inshora, da tayoyi, waɗanda na akori-kura sun fi tsada saboda girmansu. Araha ba ta ado, kuma tsohuwar akori-kura da aka samu da rahusa tana iya cinye rahusar a gidan mai kafin shekara biyu.

Akwai wani ruɗu a cikin ƙidayar kilomita a lita da ya kamata a kiyaye. Tashi daga kilomita 6 a lita zuwa 8 ya fi tashi daga 12 zuwa 16 amfani, ko da yake ido yana ganin na biyun ya fi girma. A kilomita 12,000, na farkon ya sauko daga lita 2,000 zuwa 1,500, an tsira da 500, na biyun kuma ya sauko daga 1,000 zuwa 750, an tsira da 250 kacal. Ma'anar wannan ga iyaye ita ce babbar riba tana cikin barin mota mai tsananin sha, ba cikin farautar mafi ƙarancin sha ba. Da zarar an iso matsakaicin rukuni, ƙarin da za a samu ta hanyar matsawa zuwa 'yar mitsitsiyar mota bai kai a sayar da tsaron yaro dominsa ba.

Batun dizal a taƙaice: litarsa ta fi ta fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma injinsa ya fi tsimi a doguwar tafiya da jan kaya. Sai dai na zamani suna da matatar hayaƙi da ke buƙatar tafiya mai ɗan tsawo don ta ƙone tokar da ta tara, kuma ɗalibin da tafiyarsa ba ta wuce kilomita biyar zuwa makaranta ba zai iya toshe ta. Ga irin wannan, fetur ko mai haɗa fetur da lantarki ya fi.

Mataki na huɗu: a auna halin akori-kura a hannun wanda bai goge ba

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka auna da nisan da aka tuƙa, direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 suna shiga haɗarin da ke kisa kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20 zuwa sama, kuma watannin farko bayan karɓar lasisi su ne mafi muni. Dalilin ba rashin iya juya sitiyari ba ne. Sabon direba bai saba hango haɗari tun daga nesa ba, yakan makara wajen taka birki, kuma idan ya firgita yakan fizgi sitiyari fiye da kima. Tambayar da ta dace ke nan a yi wa kowace mota: idan aka yi mata waɗannan kurakuran, me za ta yi?

Gaskiya ne cewa idan motoci biyu suka yi taho-mu-gama, na cikin mai nauyi sun fi tsira. Amma kaso mai yawa na haɗuran matasa ba karo da wata mota ba ne, sauka daga titi ne, ko shiga kwana da gudu, kuma a nan tsayin akori-kura yake zama matsala. Hukumar kiyaye haɗura ta Amurka, NHTSA, tana auna yiwuwar kifewa ne da faɗin tsakanin tayoyi idan aka kwatanta da tsayin cibiyar nauyin mota daga ƙasa. Duk yadda cibiyar ta yi sama, haka motar ke saurin wuntsilawa idan tayarta ta faɗa gefen titi direba kuma ya fizgo ta da ƙarfi. Motoci masu rufi na ƙasa-ƙasa sukan sami tauraro huɗu ko biyar a wannan awon (biyar shi ne mafi kyau), akori-kura kuwa yawanci uku ko huɗu. Wadda aka ɗaga sama aka sa mata manyan tayoyi ta ma fita daga awon da aka yi mata a masana'anta, don haka a cire ta daga zaɓi kwata-kwata.

Sai batun baya. An ƙera akori-kura ne da zaton za a ɗora mata kaya, kuma yawancinsu da tayoyin baya suke ja. Idan bodi babu komai, nauyin yana gaba, tayoyin da ke turawa kuma ba su da abin da ke danna su ga kwalta. A jiƙaƙƙen titi ko mai yashi, ɗan ƙarin totur a tsakiyar kwana ya isa baya ya zame gefe, kuma gyara wannan zamewar yana buƙatar hannun da ya saba. Ja da taya huɗu ba ya warware matsalar yadda ake zato. Yana taimakawa wajen tashi a laka ko ƙanƙara, amma ba ya rage tazarar tsayawa ko da taku ɗaya, har ma yakan ba matashi ƙarfin gwiwar da bai kamata ya samu ba. Irin ja da taya huɗun da ake sawa a cire da hannu kuma ba a tuƙa shi a busasshiyar kwalta, domin yana ɗaure ƙarafan motar a kwana.

Tsayawa ma aiki ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, saboda haka daƙiƙar da aka ɓata wajen kallon waya ta tafi da mita 28 tun ƙafa ba ta taɓa birki ba, sannan nauyin babbar mota da tayoyin daji su ƙara tsawon abin da ya rage.

Abu na ƙarshe a wannan mataki ya shafi mutanen da ke wajen motar. Binciken da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa motocin da tsayin gabansu ya wuce santimita 102 sun fi kashe mai tafiya a ƙasa idan sun buge shi, da kimanin kashi 45 cikin ɗari, idan aka kwatanta da masu gaba mai gangara da bai wuce santimita 76 ba. Dogon gaba yana bugun ƙirji da kai ne maimakon ƙafa, kuma yana ɓoye abin da ke dab da motar. Iyaye suna iya gwada wannan da kansu: matashin ya zauna a kujerar direba yadda zai zauna kullum, a ajiye wani abu mai tsayin ƙaramin yaro a jikin bamba ta gaba, a riƙa ja da shi baya har sai ya ce ya hango samansa, sannan a auna tazarar. A maimaita a baya da kuma gefen fasinja. A babbar akori-kura tazarar takan kai mitoci da dama, kuma wannan shi ne filin da direban zai riƙa shiga a makance a harabar makaranta.

Saboda irin waɗannan dalilai ne jerin motocin da IIHS da mujallar Consumer Reports ke ba da shawara ga matasa yake barin manyan akori-kura da manyan jif a waje, kamar yadda yake barin motocin da nauyinsu bai kai kimanin kilo 1,250 ba, da masu ƙarfin inji fiye da kima. A ganina wannan iyaka ta sama da ta ƙasa ta dace a ara ko a ina ake zaune.

Mataki na biyar: a tace da sharuɗɗan da ba a sassautawa

Sharaɗi na farko shi ne na'urar daidaita mota ta ESC, wadda ke gane lokacin da mota ta fara zamewa, ta taka birkin taya ɗaya-ɗaya don ta dawo da ita kan hanya. Binciken IIHS ya nuna tana rage haɗarin mutuwa a haɗuran mota ɗaya da kusan rabi, kuma amfaninta ya fi fitowa a dogayen motoci. An wajabta ta a Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma ga dukkan sababbin motoci daga ƙarshen 2014. Akori-kura da yawa da suka girmi waɗannan shekarun ba su da ita, kuma wannan kaɗai ya isa a ƙi miƙa wa yaro tsohuwar motar gida. Al'adar ba matashi mafi tsufar mota a ajiye sabuwa ga babba ta juya lissafi, domin wanda ya fi yiwuwar yin haɗari shi ne ya fi buƙatar kariya.

Na biyu, jakunkunan iska na gefe masu kare kai, ban da na gaba. Na uku, sakamako mai kyau a gwajin karo daga hukumar da ta gwada samfurin kasuwar da motar ta fito, ko IIHS da NHTSA ne, ko Euro NCAP, ko ANCAP ta Ostireliya, ko Latin NCAP. Wannan yana da muhimmanci domin mota mai suna ɗaya tana iya zuwa da jakunkunan iska shida a wata ƙasa, ta zo da biyu a wata. A duba shekarar gwajin ma, saboda ana tsaurara ma'aunin lokaci zuwa lokaci, kuma tauraro biyar na shekara goma sha biyar da suka wuce ba daidai yake da na yau ba.

Bayan waɗannan, idan hali ya yi, a nemi birki mai taka kansa idan ya hango karo, da kyamarar baya, wadda aka wajabta wa sababbin motoci a Amurka daga Mayun 2018. A zaɓi ƙaramin inji a cikin waɗanda samfurin ke da su, domin nan ne tsaro da tsimin mai suka haɗu a wuri ɗaya.

Idan akori-kura ce ta zama dole, a tsaya ga ƙarama ko matsakaiciya, mai ƙofa huɗu da cikakkun kujerun baya. Irin masu ƙananan kujerun naɗewa a bayan direba ba wurin zaman mutum ba ne a doguwar tafiya. Masu jiki da shasi a haɗe, kamar Maverick da Ridgeline, sun fi kama da mota mai rufi a tuƙi, sun fi kwanciya a kwana, kuma ga kayan da matashi zai ɗauka sun wadatar.

Mataki na shida: a duba motar ido da ido

Yawanci ta hannu za a saya, saboda haka a fara da lambar shasi mai harafi da lamba 17, a bincika ko akwai kiran gyara da masana'anta ta yi wanda ba a amsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: matsalar jakunkunan iska na kamfanin Takata ta shafi miliyoyin motoci, har an gargaɗi masu wasu Ford Ranger na 2006 da su daina tuƙa su sam sai an gyara.

A kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a kalli allon gaban direba. Fitilun gargaɗi na jakar iska, na ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi), na ESC da na inji ya kamata su kama duka, su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko abin tuhuma ce, domin ana cire ƙwan don a ɓoye matsala. A duƙa a leƙa shasi, musamman inda sifirin na baya ya haɗu da shi, a nemi tsatsa mai ɓarewa ko sabon walda. A dubi ƙugiyar tirela da ƙasan bodi, su ne ke faɗin irin wahalar da motar ta sha. A jikin kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar ƙira, wato 3519 na nufin mako na 35 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida tana buƙatar kulawa ko da haƙoranta suna nan, wadda zurfin haƙorinta ya kusa milimita 1.6 kuma ta gama aiki. A kwatanta girman tayoyin da abin da ke rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, inda aka rubuta awon iskar da ta dace da iyakar nauyin kaya. Daga nan a kai wa makanike wanda ba na mai sayarwa ba, ya sa mata kwamfuta, ya duba birki da shokazoba.

Matashin ma ya tuƙa ta kafin a biya, a wurin da babu cunkoso. A lura ko ƙafarsa tana danna birki har ƙasa ba tare da ya miƙe ba, ko yana ganin madubai duka, ko kuma zai iya ajiye ta tsakanin layi biyu da baya ba tare da an yi masa jagora ba.

Mataki na bakwai: awo da ƙa'idoji bayan an saya

A koya masa auna shan mai da kansa. A cika tanki har famfo ya tsaya, a mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, a yi tuƙi kamar kullum, a sake cikawa, sannan a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. A yi haka tanki uku ko huɗu a ɗauki matsakaici, domin tanki ɗaya yana iya yaudara, kuma adadin da allon mota ke nunawa yakan ɗan yi kyau fiye da gaskiya. Idan an sauya girman taya, mitar ma ba daidai take ƙirgawa ba.

Rubuta wannan awon a littafi yana da amfani na biyu ga iyaye. Alƙaluman hukumomin Amurka sun nuna cewa tuƙin gaggawa, wato fizgar totur da birkin ba-zata, yana ƙara lalata tsimin mai da kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cunkoso. Idan hanya ba ta sauya ba, yanayi bai sauya ba, mota kuma lafiyarta ƙalau, amma adadin ya faɗi, to ƙafar direba ce ta sauya, kuma halin da ke ƙona mai shi ne dai halin da ke jawo haɗari. Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna taruwa: kowane kilo 45 na tarkacen da aka bari a bodi yana ƙara shan mai da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, inji mai aiki mota na tsaye yana shan lita ɗaya zuwa biyu a awa, taya mai ƙarancin iska kuma tana ƙara sha tana kuma ƙara zafi. A duba iska sau ɗaya a wata, da safe kafin a motsa.

Wasu motoci suna da taimako a jikinsu. Tsarin MyKey na Ford yana ba iyaye damar ƙayyade iyakar gudu da ƙarar rediyo a makullin da aka ba yaro, na General Motors mai suna Teen Driver, wanda ya fara fitowa a Chevrolet Malibu ta 2016, yana hana rediyo magana sai an ɗaura bel, yana kuma ajiye rahoton yadda aka tuƙa. Idan motar tana da irinsu, a kunna su da sanin matashin.

Ƙa'idojin gida kuwa a ɗauko su daga tsarin lasisi mai hawa-hawa, wanda New Zealand ta fara a 1987, jihar Florida kuma ta zama ta farko a Amurka a 1996. Ginshiƙansa su ne sa'o'i masu yawa na tuƙi tare da babba, taƙaita tuƙin dare, da taƙaita ɗaukar abokai, saboda kowane matashin fasinja da aka ƙara yana ƙara yiwuwar haɗari. A bi dokar wurin da ake zaune, inda kuma ta yi sassauci, iyaye su tsaurara. Ga akori-kura a ƙara uku: ba a ɗaukar mutum a bodi ko tafiyar ta mita ɗari ce, ba a ɗora kaya sai an ɗaure su an kuma tura mai nauyi zuwa gaba kusa da bayan kujeru, ba a jan tirela sai bayan an yi atisaye da babba a fili.

A ware rana guda da aka yi ruwa, a je fili mai faɗi da babu kowa, matashin ya taka birki da dukkan ƙarfinsa a gudun kilomita 30 zuwa 40, domin ya ji yadda fedar ke karkarwa idan ABS ta kama, ya kuma san cewa ba a ɗaga ƙafa a lokacin. A yi wannan da bodi babu komai, a sake yi da kaya, ya ga bambancin tazarar da idonsa. Bayan wata uku a zauna a duba littafin mai tare da rahoton motar, idan akwai, sannan a sassauta ƙa'ida ɗaya kawai, a bar ta dare da ta fasinja su zama na ƙarshen cirewa.